Wayata ta ɓata a tafiyar Kano, ina neman shawarar ƴan'uwa matafiya

Lawali mai atamfa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina yi muku fatan alheri. Da wayar ƙanena nake rubuto wannan saƙo, domin tawa ta salwanta a Kano a tafiyar da na yi don sarin kaya. Na gama ciniki a Kantin Kwari da la'asar sakaliya, ƴan dako suka kai dilolin inda motar Maraɗi take lodi, ni kuma na shiga adaidaita sahu zuwa masaukina a Kurna. Hanya ta cushe, ana ta sauka ana hawa, kuma da na sauka na sa hannu a aljihun gefe, sai na ji wayam. Na ari wayar maigidana na kira, ta yi ƙara har ta katse, da na sake kira aka ce a kashe take.

Kuɗin wayar abu ne da za a iya mayarwa in Allah ya hore. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da ke cikinta. Akwai layi biyu, na Nijar da na Najeriya, akwai lambobin dillalai da na direban da ya ɗauko kayan, akwai hotunan resi, sannan akwai saƙonnin murya na matan da ke karɓar atamfa da leshi bashi daga Tibiri da Gidan Rumji da Madarunfa, waɗanda kowace takan faɗi turmi nawa ta ɗauka da ranar kasuwar da za ta biya. Alhamdu lillahi kayan sun iso lafiya, saboda direban ya san shagona.

Ina roƙon shawara a kan abu biyu. Me ya kamata in fara yi yanzu don kada a cuci wani da sunana? Sannan ku da kuka daɗe kuna bin hanya, yaya kuke tafiya da waya da kuɗi da takardu, tunda zan koma Kano kafin azumi, kuma ina da niyyar zuwa Lome ta ƙasar Togo a karon farko?

Alhaji Mamman:

Wa alaikumus salam. Ɗana Lawali, sannu da wannan rashi, Allah shi maida maka da mafi alheri, kuma mun gode masa da abin ya tsaya a kan dukiya. Abin da zan faɗa ba lallai ya yi wa samari daɗi ba. Mun yi fatauci tsakanin Maraɗi da Kano tun lokacin da in kana son buga waya sai ka je gidan waya ka bi layi, kuma lissafin bashi bai taɓa ɓace mana a hanya ba, domin kowane ɗan kasuwa yana da babban littafi a shago wanda ba ya fita ko bakin ƙofa, da ƙarami a aljihu wanda ake kwafe abin da ke cikinsa idan an dawo. Kuɗi kuwa a lalita suke, ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga. Yanzu an tattara littafin bashi da resi da sunayen abokan hulɗa an zuba a cikin abin da bai wuce tafin hannu ba, aka kuma jefa shi a aljihun gefe, wanda shi ne aljihun da hannun wani ya fi saurin kaiwa. Ka sayi littafi yau, ka zaunar da yaron shagonka tun abin bai bar kanku ba, ku rubuta duk wadda kuka tuna da abin da ta ɗauka. Idan za ka sake tafiya, ka bar babbar waya a gida, ka ɗauki ƙarama mai tocila, ta wadatar.

Sha'aibu mai gyaran waya:

Baba Alhaji, maganarka tana kan hanya, amma akwai abin da ya fi littafi gaggawa a yau ɗin nan. Yaya Lawali, layukan nan biyu su ne ƙofar komai, domin duk wanda yake riƙe da sim ɗinka, shi ne kai a wurin WhatsApp da Facebook da duk wata manhajar aika kuɗi, tunda shi za a turo wa lambar tabbatarwa. Kullen da ke fuskar waya ba ya hana a zare sim a sa shi a wata. Saboda haka ka tafi ajans ɗin kamfanin layinka da katin ɗan ƙasa wanda aka yi rajistar layin da shi, ka nemi a toshe tsohon a ba ka sabo mai lambarka. Da zarar sabon ya kama rezo, tsohon ya mutu. Daga nan sai ka sa shi a wata waya ka buɗe WhatsApp da lambarka, za a turo maka lamba mai alƙaluma 6 ta saƙo, kuma kana shigar da ita za a fitar da wanda yake riƙe da tsohuwar wayar. Idan ya riga ka ya ɗora lambar sirri ta mataki na biyu, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma a waje yake a tsawon waɗannan kwanaki.

Bayan haka sai maganar Google. Idan ka san adireshin Gmail da ke kan wayar da kalmar sirrinsa, ka shiga ta wayar ƙanenka ka nemi Find Hub, wanda a da sunansa Find My Device. Yana iya nuna inda wayar take idan tana kunne kuma tana kan intanet, yana iya kulle ta, yana iya share duk abin da ke ciki. Ka fara da kullewa, domin idan ka share ba za ka sake ganin inda take ba. A cikin wannan akwatin Gmail ne kuma lambobin mutanenka da ajiyar saƙonnin WhatsApp za su kasance, idan dai an kunna ajiyar tun farko.

Ka kuma nemi kwalin wayar. A jikinsa akwai lambar IMEI, wato lambar shaidar ita wayar kanta, mai alƙaluma 15, kuma waya mai sim biyu tana da irin wannan lamba guda biyu. Ita ce abin da za a fara tambayar ka a komisariya. Ina roƙon duk wanda yake karanta wannan ya danna *#06# a wayarsa yanzu, ya kwafe abin da ya fito a takarda ya ajiye a gida.

Hajiya Rabi ta Zariya:

Ƙanena Lawali, sannu, Allah shi kiyaye gaba. Kafin ka kai ajans ma, ka sanar da mutane, domin masu wannan aiki ba sa jiran gari ya waye. Bara wayar mijin wata maƙwabciyata ta faɗa hannun wasu a Legas, da daddare sai ga saƙo da sunansa da hotonsa, wai ya yi haɗari yana likita, a turo jika 200 ta wata lamba. Baiwar Allah ta kwance kuɗin adashinta, ta sa hijabi, tana neman takalmi tana kuka, sai surukarta ta riƙe hannunta ta ce a kira shi tukuna a ji muryarsa. Aka kira aka ƙi ɗauka, sai rubutu kawai yake shigowa cewa ba ya iya magana. A nan aka gane, kuma da tsohuwar ba ta cikin gidan a daren, da kuɗin sun tafi.

Matan da kake ba bashi su ne suka fi shiga hatsari, saboda sunayensu da adadin da ake bin su duk suna cikin wayar, kuma ba wuya a ce musu Lawali ya canza lamba, su biya ta wannan. Ka aika yaro ko ka yi sallahu ga direbobin Tibiri da Madarunfa a gaya musu baki da baki cewa kada wadda ta biya ko dala sai a shago, hannu da hannu. Ni a gidana doka ce, ba a aika wa kowa kuɗi saboda rubutu, ko da ni ce na rubuto, sai an ji murya an kuma tambayi abin da ɗan gida kaɗai ya sani.

Lawali mai atamfa:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Hajiya, na aika sallahu tun da safe, ƙanena kuma ya sanar a duk zaurukan da muke ciki. Layin Nijar da sunana yake, na je ajans da katina, sun ba ni sabo, WhatsApp ya buɗe, sai dai babu tsoffin saƙonni a ciki. Uwargida ta samo kwalin a cikin akwati. Inda na tsaya wuri biyu ne. Layin Najeriya da sunan yaron maigidana na Kano aka yi rajistarsa, tunda ni ba ni da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya. Gmail kuma yaron shagon da na sayi wayar ne ya buɗe mini, bai ba ni kalmar sirrin ba, kuma an ce ya bar aiki a wurin.

Sha'aibu mai gyaran waya:

Yaya, kada ka yanke ƙauna a kan Gmail ɗin. Idan layinka na Nijar aka sa a matsayin lambar dawo da akwatin, Google zai turo maka lamba a sabon sim ɗin, ka canza kalmar sirri, sannan a cire WhatsApp a sake sa shi a wayar da ke ɗauke da wannan akwati don ya nemo ajiyar. Ka kawo ta shago gobe mu gwada. Wannan kuwa laifi ne da ke cikin sana'armu, kuma ina faɗarsa a gaban abokan aikina da ke wannan zaure: ana buɗe wa mutum akwati a tsaye cikin sauri, a sa duk kalmar da ta zo baki, ba a rubuta masa a takarda ba, alhali dukan kasuwancinsa a kanta zai rataya.

Isuhu direba:

Sannu Malam Lawali. Ni aikina ke nan, Maraɗi zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, kuma ina so in ce kada a yanke hukunci cewa sace ta aka yi. Sau da yawa waya takan zame daga aljihun gefe ta faɗa bayan kujera, sai da dare mai mota yana shara ya gan ta, caji ya ƙare, ba shi da hanyar sanin mai ita. Kowace adaidaita a Kano tana da lamba a rubuce a jikinta, kuma wanda ya riƙe lambar yana iya zuwa wurin shugabannin ƙungiyarsu a nemo masa direban. Don haka baƙo ya saba wa kansa duban lamba kafin ya hau, kuma idan yana ɗauke da kuɗi ko kaya masu tsada gara ya yi shata, ya zauna shi kaɗai. Wani abu mai amfani shi ne a rubuta lambar wani ɗan'uwa a fuskar waya ko a ƴar takarda a cikin rigarta, domin mutumin kirki ma sai ya sami wanda zai kira.

Game da hanya, Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, amma kowa ya san halin da yankin Jibiya da dajin Madarunfa suke ciki, saboda haka a fita da sassafe a isa da rana, kuma idan la'asar ta same ka a Katsina ka kwana, kada ka ce sai ka ga gida. A shingayen bincike da kan iyaka ake yawan mantuwa, lokacin da ake sauka a nuna takarda a sake hawa, mutum ya ajiye waya a kan benci yana laluben kati. Wurin masu caji a tasha kuma, idan ba makawa, ka zare sim ka riƙe, ka karɓi lambar da suke bayarwa. Wanda zai yi doguwar tafiya kamar Yamai, da ta haura kilomita 600, ya tanadi batirin ajiya na caji ya huta da miƙa wayarsa ga kowa.

Malam Haruna:

Allah shi saka wa Isuhu da ya tuna mana kyautata zato. A shari'a tsintuwa amana ce a hannun wanda ya tsinta, kuma abu mai daraja irin wannan wajibi ne a yi cigiyarsa shekara guda a wuraren da ake zaton mai shi zai nema. Wanda ya tsinci waya tana ƙara ya kashe ta don kada a same shi ya fita daga hukuncin mai tsintuwa. Lawali, ka roƙi maigidanka ya kai cigiya masallatan da ke kusa da inda ka sauka da kuma gidan rediyo, a ambaci tukwici.

Amma ina da magana da mu kanmu. Ɓarawon waya ba ya sata don ya yi kira, yana sata ne saboda ya san akwai mai saye, kuma wayar da aka ɗauke a wancan gefen iyaka sau da yawa a wannan gefen ake sayar da ita, haka ma ta nan takan ƙare a can. Mutum zai ga wayar jika 150 ana ba shi a jika 40, babu kwali babu resi, ya san abin da ake ciki a ransa, ya biya ya ce ya yi sa'a. Muddin muna sayen irin wannan, da kuɗinmu ake biyan wanda zai sa hannu a aljihun ɗan'uwanmu.

Sha'aibu mai gyaran waya:

Allah shi gafarta Malam, na yarda da kai, sai dai kada a haɗa duk masu sayar da waya ta hannu a yi musu kuɗin goro, domin mafi yawan mutanenmu ita suke iya saye, kuma akwai masu sayarwa saboda buƙata ta halal. Hanyar rarrabewa a fili take. A danna lambar nan da na faɗa, a gwada IMEI da na jikin kwali, a sa mai sayarwa ya cire akwatin Google ɗinsa da hannunsa a gabanka, a rubuta takarda da lambar katinsa da shaida. Wanda ya kawo mini waya a kulle ya ce ya manta komai, ba kwali ba resi, ba na buɗe ta, ko nawa zai biya.

Nana Hadiza:

Ina gaida iyayena. Ni lissafi nake riƙe wa mahaifina a shagonsa na babbar kasuwa, kuma cikin ladabi ina so in saɓa wa Baba Alhaji a wuri guda. Littafi ma yana salwanta. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022 sun ci kaya, kuma duk takardar da ke cikin shagon da wuta ko ruwa ya shiga tana cikin abin da ake rasawa. Matsalar Kawu Lawali ita ce lissafin yana wuri ɗaya tak, kuma da littafi ɗaya ne a cikin jaka aka ɗauke jakar, da haka abin zai kasance. Abin da muke yi shi ne, kowane bashi ana rubuta shi a littafi, kowace Juma'a da yamma in ɗauki hoton shafukan makon in aika wa wayar mahaifina da ta yayana, lambobin mutane kuma a kan Google ake ajiye su, ba a kan sim ko cikin waya ba, ta yadda duk wayar da aka shiga da akwatin za su fito.

Batun barin babbar waya a gida kuma, ban ga yadda mai sarin atamfa zai yi ba. Yana tsaye a Kwari zai ɗauki hoton sabon zane ya turo wa mata a Maraɗi, kafin ya bar layin sun zaɓa, ya san wanda zai saya da yawa da wanda zai bari. Wanda ya tafi da ƙaramar waya kaɗai zai sayo da ka, ya zo ya tarar ba shi ake yayi ba. Gara a tafi da biyun, babba a aljihun ciki mai zif don hoto, ƙarama a hannu don kira, kuma layin da kuɗi ke kansa ya zauna a ƙaramar, a sa masa lambar PIN. Wanda ya yi kuskuren PIN sau 3 sim ɗin zai kulle sai da PUK, wato lambar buɗe sim, don haka a adana katin da aka ɓallo sim ɗin daga jikinsa, domin a nan take rubuce.

Alhaji Mamman:

Ɗiyata Hadiza, Allah shi yi miki albarka, maganar hoton zane gaskiya ce, zamaninmu ba mu da wannan. Amma ki lura, ke ma da littafi kika fara, hoton daga baya ya zo. Abin da ban yarda da shi ba har yanzu shi ne a ce saƙon murya ya zama shaidar bashi. Malam Haruna yana nan, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mace ta ɗauki turmi goma, a rubuta a gabanta, ta sa hannu ko ta dangwala, ita ma a ba ta nata kwafi. Wannan ya fi kare ta, ya fi kare mai kaya, kuma ranar da ɗayansu ya rasu magada ba za su tsaya sauraron murya suna gardama a kan ko goma aka ce ko tara ba.

Ummaru ɗan canji:

Ina so in dawo da mu kan layin Najeriya, domin shi ne ramin da ba a rufe ba tukuna. Tun ƙarshen 2020 hukumomin Najeriya suka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, shi ya sa da yawa daga cikin mutanenmu suke riƙe da layukan da ke ɗauke da sunan wasu. Kamfani ba zai saurari Lawali ba, wanda sunansa ke kan rajista shi zai je da kansa a toshe layin a maido da shi. A kira maigidan yau, ya tura yaron gobe da safe, kuma idan akwai wani asusun banki da ke haɗe da wannan lamba, a kira bankin a dakatar da shi tun kafin a je, domin a can ana iya motsa kuɗi da sim kawai ta lambobin da ake dannawa, ko babu intanet.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki a Kano ya koma tiransifa da POS, saboda haka mutum ba zai ce ya rabu da waya a harkar kuɗi ba. Abin da nake ba abokan hulɗata shawara shi ne su raba kuɗin kashi uku. Kuɗin sari su bi ta hannun amintaccen ɗan canji daga nan, a karɓa a Wapa, kasuwar ƴan canji ta Kano, ko a biya mai kaya kai tsaye. Kuɗin hanya, sefa da naira, su zauna a aljihu. Sannan a ɓoye abin da zai iya maido da mutum gida a wani wuri dabam a jikinsa, tare da takarda mai ɗauke da lambobin mutum huɗu ko biyar, kowace da lambar ƙasa a gabanta, 227 ta Nijar, 234 ta Najeriya. Na ga babban mutum a tasha ya rasa waya, an miƙa masa wata ya kira gida, ya tsaya riƙe da ita, ko lambar matarsa bai haddace ba.

Sani mai tiransit:

Tunda ka ambaci Lome, ga abin da na sani. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta har sai an yi wata sanarwa. Duk da haka ka tabbata takardunka ba su ƙare ba, ka riƙe katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, domin ana tambayar sa a kan iyakoki. Hoton takarda a waya ba ya maye gurbin takardar a gaban jami'i, amfaninsa shi ne idan ta ɓata. Ka yi kwafi biyu na kowace, ɗaya a gida, ɗaya a jakar kaya, asalin kuma a jikinka, kada ka haɗa su da waya a sakoshi ɗaya.

Hanya ta canza tun bayan rufe iyakoki a 2023. Manyan motocin kaya daga tashar jiragen ruwan Lome ta Burkina suke biyowa cikin ayari da rakiyar sojoji, fasinjoji da yawa kuma ta Gaya suke bi su ƙetare kogi da jirgin ruwa zuwa Malanbil ta ƙasar Benin, haka na tarar a tafiyata ta baya. Ka tambayi kamfanin motar da za ka shiga halin da ake ciki a makon tafiyarka, kuma a cikin jirgin ka ƙulle waya da takardu a leda. Idan kana da tsoffin lambobin mutanen Kwatano, ka sani Benin ta mayar da lambobinta alƙaluma 10 tun ƙarshen Nuwamban 2024, ana ƙara 01 a gaban tsohuwar lamba bayan 229. Ta Togo 228 ce. A tafiyar farko kada ka tafi kai kaɗai, ka bi wanda ya san masauki da dillalai, kuma ka je komisariya a nan ka karɓi takardar shaidar ɓatan wayar da lambar IMEI a jiki, domin idan aka aikata wani abu da ita nan gaba, wannan takarda ce za ta nuna ranar da ta bar hannunka.

Lawali mai atamfa:

Allah shi biya ku duka. Mun zauna da Sha'aibu, akwatin Gmail ya buɗe da layin Nijar, lambobin mutane sun dawo, amma ajiyar saƙonnin ta tsaya tun watannin baya, don haka bashin kwanan nan sai abin da muka tuna ni da yaron shago, mun kuma fara rubutawa kamar yadda Baba Alhaji ya ce. Wasu daga cikin matan sun zo da kansu sun faɗi abin da ke kansu tun kafin in tambaya. Na karɓi takardar komisariya. Saura layin Najeriya, domin yaron maigidana ya tafi ƙauyensu, wayarsa kuma ba ta shiga.

Ummaru ɗan canji:

To kada a jira dawowarsa. Maigidan ya kira lambar kula da abokan hulɗa ta kamfanin ya ba da rahoton ɓatan layin, a nemi dakatar da shi, sannan ka sanar da dillalanka na Kwari ɗaya bayan ɗaya ta WhatsApp ɗinka na Nijar cewa tsohuwar lambar ba ta hannunka, kada a ba kowa kaya ko kuɗi da sunanta.

Isuhu direba:

Ina da lodi ranar Alhamis in Allah ya kai mu. Malam Lawali, ka rubuta sunan ƙauyen yaron da kwafin takardar komisariya da lambar IMEI, ka kawo mini tasha ranar Laraba da yamma. Zan kai wa maigidan hannu da hannu, in kuma biya wurin shugabannin masu adaidaita na hanyar Kurna in bar cigiya da lambar ƙanenka.